Tutar da Tasi'u Ya Ɗauke

Akwai wani magidanci a wani ƙauye kusa da Dagumawa, a ƙasar Wudil, ana kiransa Tasi'u. Mutum ne mai kaifin kai da saurin baki. In an kawo lissafi a majalisa shi ke fara ba da amsa, in ana gardamar ƙwallo shi ke rufe ta. Ya yi karatu har difloma, aikin ofis ya ƙi samuwa, sai ya koma fadama wajen mahaifinsa Malam Ɗan'auta, suna noman rani a bakin kogi.

Abu ɗaya ake tsokanarsa da shi tun yana yaro. In aka sa shi tsinkar tumatir, sai ya haɗo ɗanye da nunanne a kwando ɗaya. Malam Ɗan'auta ya yi faɗa har ya gaji, ya ce garaje ne kawai da rashin natsuwa. Shi kuwa Tasi'u ya ce duk a nune ya gan su, mutane ne dai da son magana.

Daga ƙarshe aka cire shi daga tsinka, aka bar masa ban ruwa da ciniki a kasuwa, kowa ya huta.

A gidan akwai Jamil, ɗan wan Malam Ɗan'auta. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Malam ya ɗauko shi ya haɗa da nasa 'ya'yan. Kwano ɗaya suka ci da Tasi'u, tabarma ɗaya suka kwana. Jamil ba shi da hayaniya. Yaya yake kiran Tasi'u, kuma duk inda Yaya ya sa ƙafa nan yake sa tasa.

Tasi'u yana son ƙaninsa, wannan babu ƙarya a ciki. Sai dai irin son nan ne na mutumin da ya saba shi ne a gaba.

Da aka fara shimfiɗa layin dogo ta gefen ƙauyensu, jiragen aiki suka soma kai da kawowa da tsakuwa da ƙarafa. Wata rana Tasi'u ya gani a wayarsa cewa kamfanin yana neman masu ba jirgi hannu. Su ne za su tsaya inda hanyar mutane ta ratsa layin, su rufe shinge, su ɗaga wa direba tuta. In ya ga koriya ya wuce, in ya ga ja ya tsaya.

Tasi'u ya ce wannan aikin nasa ne, an dai makara ne wajen sanarwa.

Ya ja Jamil suka tafi wani shagon kwamfuta a Wudil. Jamil ya ce shi bai ga alamar za a ɗauke shi ba, gara ya zauna ya yi gadin babur. Tasi'u ya ce ya daina wannan sanyin jikin, ya cike ko don ya yi masa rakiya. Da hannunsa ya shigar masa da bayanai, ya ɗora masa takardun makaranta da shaidar ƙaramar hukuma.

Ranar jarrabawa a Kano, tun daga tashar Wudil har suka sauka Tasi'u yake yi wa Jamil bita a cikin mota. Sakamako ya fito, duk sun ci, kuma Tasi'u ne a sama. Aka kira su ganawa, nan ma suka haye.

Daga nan fa kan Tasi'u ya fara girma. Ya gaya wa matarsa Safara'u ta fara shirin zama matar ma'aikaci. A majalisa kuwa ya ce duk mai son ya tsallaka layin dogo lafiya ya fara gaishe shi tun yanzu.

Abin da ya rage shi ne gwajin lafiya.

Likitar ta auna jininsa, ta gwada jinsa, ta sa ya karanta haruffa daga nesa, ya karanta har na ƙasa. Sannan ta buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi, ta ce ya faɗi lambar da ya gani a tsakiya.

Tasi'u ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu wata lamba a nan. Ta buɗe wani shafin, ya faɗi wata lamba, ta rubuta. Ta kunna masa ƙananan fitilu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin launinsu da ƙarfin hali.

Da suka gama ta ajiye biro, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce idonsa lafiya lau yake, sai dai ba ya bambance ja da kore. Ta ce da abin aka haife shi, ba ciwo ba ne, kuma maza da yawa suna da shi ba su sani ba. Zai iya kowane irin aiki, ban da irin wannan.

Tasi'u ya yi dariya. Ya ce shi da ya yi aure har da 'ya, yake tuƙa babur kullum, yau za a gaya masa ba ya gani? Ya fito yana huci, ya riga ya yanke hukunci a ransa: littafin nan dabara ce ta cire wanda ba shi da hanya.

Aka ɗauki Jamil, aka bar Tasi'u.

A gida bai ambaci maganar ido ba ko da wasa, ko Safara'u bai gaya wa ba. Cewa ya yi an yi masa maguɗi. Da wani ya tambaya to shi Jamil wace hanya gare shi, sai ya taɓe baki ya ce ai masu shiru-shirun nan sun fi kowa sanin ƙofar baya.

Jamil ya tafi horo, ya dawo da takalmi mai nauyi da falmaran mai ƙyalli. Aka ba shi ɗan ɗakin aiki a matsallakar da ke tsakanin fadama da bakin titi, hanyar da mutanen ƙauyen ke bi kullum. Aikin na karɓa-karɓa ne. Sati guda yana safe, sati guda yamma, sati guda dare, sai ɗan hutu, a sake zagayowa.

Jama'a, babu satin da bai ba Tasi'u haushi ba.

In Jamil yana aikin safe, da ya tashi sai ya biyo fadama ya kama musu aiki. Tasi'u ya ce, "Oga, koma gefe, kar ka ɓata takalmin kamfani."

In yana aikin yamma, ba a ganinsa a majalisa, Tasi'u ya ce ya fi ƙarfin zama da manoma. In kuwa ya kwana a wajen aiki ya dawo yana barcin rana, Inna Mas'uda, mahaifiyar Tasi'u, ta dinga korar yara da kaji daga tsakar gida. Ranar ce Tasi'u zai tuna injin ban ruwa yana bukatar gwaji, kuma babu wurin gwajin da ya fi masa gindin tagar Jamil.

Jamil kuwa sai ya ɗauki tabarma ya koma zaure.

Abin da ya fi ci wa Tasi'u rai shi ne mahaifinsa. Malam Ɗan'auta ba mai yabon 'ya'ya ba ne, amma sai ga shi a ƙofar masallaci yana gaya wa baƙi cewa ɗansa ne ke tsayar da jirgi. Da Tasi'u ya ji wannan "ɗana", abinci bai shiga cikinsa ba a ranar. Shi ya ga sanarwar, shi ya cike, shi ya yi bita, ga shi nan cikin taɓo har gwiwa, wani na amsa gaisuwa.

Sai kuma Safara'u ta haihu. Ranar suna ta faɗo a satin da Jamil yake aikin dare. Ya yi alkawarin da ya miƙa aiki da asuba zai taho a yi raɗin suna da shi. Ashe wanda zai karɓe shi babur ɗinsa ya lalace a hanya. Dokar aikin kuwa ita ce mai ba jirgi hannu ba ya barin wurinsa sai wanda zai canje shi ya iso, sun tsaya ido da ido, ya warware tutoci ya gani, ya karɓa.

Jamil bai iso ba sai da rana ta ɗaga, an watse. Ya zo da kayan jariri a leda, idonsa jawur don rashin barci, yana ba da haƙuri. Tasi'u bai ko kalli ledar ba.

Da dare Safara'u ta ce masa, "Baban Khaulat, yaron nan bai yi maka komai ba. Ciwon a cikinka yake."

Ya ce ta ji da jegonta.

Shugabansu Jamil wani dattijo ne mutumin Kafanchan, ana kiransa Oga Elisha. Ubansa ma aikin reluwe ya yi har ya tsufa, shi ya sa ba ya wasa da doka. Wata rana suna cin tuwo Jamil yake ba Malam Ɗan'auta labarinsa. Ya ce duk sababbin ma'aikata suna cikin watannin gwaji, kuma Oga ya ce wanda ya ɓatar da kayan aiki ko ya tsayar da jirgi babu dalili, gida zai koma, akwai masu jira a layi.

Malam ya tambaya to in direba ya iso bai ga tuta ba fa? Jamil ya ce in bai ga koriya ba dole ya taka birki, ko da ya ɗan wuce ne ya tsaya, sannan ya kai rahoto.

Tasi'u yana gefe yana ci kamar ba ya ji. Amma kalma ɗaya ba ta wuce kunnensa ba. Masu jira a layi. Wa ke gaban wannan layin in ba wanda ya zo na sama a jarrabawa ba?

Kwana da kwanaki yana juya abin. Ya ce wa kansa in koriyar tuta ta ɓata babu wanda zai ji ciwo. Jirgi zai tsaya, Oga zai yi faɗa, Jamil zai dawo fadama inda ya fi dacewa da shi. Shi ke nan. Har ya fara ganin kamar gyara zai yi.

Ranar wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, Jamil yana aikin safe. Tunda ba ya iya barin wurin, daga gida ake kai masa abin kari. Inna Mas'uda tana neman wanda za ta aika, Tasi'u ya ce ta kawo, hanyarsa ce. Ta dube shi da mamaki, sannan ta yi murmushi ta ce Allah ya yi masa albarka.

Da Jamil ya hango Yayansa da jug ɗin koko a hannu, fuskarsa ta washe kamar yaro ranar sallah. Doka ta hana kowa shiga ɗakin in ba ma'aikaci ba, ya sani sarai. Amma wata da watanni yake jiran ranar da Yaya zai sauko.

"Yaya, shigo daga rana," in ji shi.

Ya nuna masa wayar da ke haɗa shi da tasha, ya nuna masa doguwar jakar tutoci da ke rataye a bayan ƙofa. Sannan ya ɗauki buta ya zagaya baya ya wanke hannu.

Tasi'u ya buɗe jakar. Tutoci biyu ne a nannaɗe a jikin sandunansu. Ya kalli wannan, ya kalli waccan. Ɗaya ta fi ɗaya duhu, kamar ganyen mangwaro a inuwa. Maganar likitar nan ta ɗan gifta masa a rai, ya yi tsaki ya kore ta. Ya zare wadda idonsa ya ce masa ita ce koriya, ya soke ta a cikin buhun da ya zo da shi, ya mayar da jakar yadda take.

Ya yi wa Jamil sallama har da dafa masa kafaɗa. Ya biya gida ya cusa buhun a bayan buhunan taki, ya hau babur ya tafi kasuwar Wudil jiran kayan tumatir da mahaifinsa zai fito da su bakin titi a amalanke.

Da hantsi wayar ɗakin ta yi ƙara. Tasha ta tambaya ko hanya a buɗe take. Jamil ya leƙa, babu kowa a kan layi, ya ce a buɗe take. Aka ce jirgin tsakuwa ya taso.

Ya fito zai rufe shinge, sai ga amalanken Malam Ɗan'auta ta riga ta hau matsallakar, shanu biyu na ja, kwandunan tumatir a jibge. Akwai sauran lokaci, don haka ya ce, "Baffa, ɗan kora su da sauri."

Malam ya ɗaga sanda. Shanun suka zabura, ƙafar amalanken ta zame ta faɗa ramin da ke tsakanin ƙarfe da dakali, ta maƙale. Suka tura, ta ƙi. Wasu masu wucewa suka kama, ta ƙi. Shanun suka tsorata da hayaniya suka turje a tsakiyar layi.

Jamil ya ruga ya kira tasha. Aka ce jirgi ya riga ya yi nisa, kuma wayar ba ta kai wa ga direba, sai dai ya tare shi da tuta. Ya fito ya roƙi Baffansa ya sauka daga kan layin. Tsohon ya durƙusa a tsakanin shanun yana fama da igiyar wuyansu, ya ce ba zai bar su ba, da su yake ci da gidansa.

Can bayan itatuwan mangwaro, inda layin ya yi kwana, aka ji kukan jirgi.

Jirgi mai kaya ba mota ba ne. In ana so ya tsaya a nan, sai an nuna masa ja tun daga can. Jamil ya fizgo jakar, ya zura hannu, ya zaro tuta ɗaya. Koriya. Ya sake zura hannu, ya zazzage jakar a ƙasa. Babu komai.

Jar tutar ce Tasi'u ya ɗauke.

Jamil ya fara gudu da koriyar a hannu, sai ya tuna abin da direba zai fahimta in ya hango ta. Ya yi jifa da ita cikin ciyawa. Ya hau tsakiyar layin ya nufi jirgin a guje, hannuwansa biyu a sama, kamar yadda Oga Elisha ya koya musu in babu tuta.

Direban ya saba ganin mutane a kan layi, ya ɗauka wani ne da ba shi da cikakken hankali, ya dinga danna ƙaho. Jamil bai kauce ba. Sai da jirgin ya miƙe daga kwanar direban ya ga falmaran ɗin da hannuwan nan biyu, ya taka birki da duk ƙarfinsa.

Ƙarfe ya kama kuka. Jamil ya yi tsalle gefe a ƙurarren lokaci, ya faɗa kan tsakuwa, ƙafarsa ta karye. Jirgin ya wuce shi yana jan jiki, yana jan jiki, har ya tsaya. Waɗanda suka gani sun ce da Malam Ɗan'auta ya miƙa sandarsa da ta taɓa goshin jirgin.

Tasi'u yana kasuwa yana duba waya, yana jiran labari mai daɗi. Kiran Safara'u ne ya shigo. Tana kuka ta ce ya tafi asibiti, Baba ya tsallake rijiya da baya, Jamil ya karye.

Ya iske Oga Elisha a tsaye a bakin gadon Jamil, Malam Ɗan'auta na zaune a gefe. Tasi'u ya tsaya a bakin ƙofa.

Oga ya ce, "Jamil, ka yi aikin maza. Amma dole in tambaye ka. Ina jar tutarka?"

Tasi'u ya ɗauka dattijon baki ne ya suɓuce masa.

Jamil ya ce Audu, wanda ya karɓi aiki daga hannunsa da safe, ya miƙa masa tutoci biyu, ya warware ya gani, a hannunsa ta ɓata. Oga ya tambaya ko wani ya shiga ɗakin. Jamil ya ɗago ya kalli ƙofa, idonsa ya faɗa cikin na Yayansa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Oga."

Oga Elisha ya daɗe yana kallonsa. Ya ce zai rubuta duk abin da ya yi na ceton rai, amma ba zai ɓoye ɓatan tuta ba, kuma Jamil ya san abin da doka ta ce. Daga yau an dakatar da shi, komawarsa kuwa da wuya.

Ga abin da Tasi'u ya yi wata da watanni yana nema, an miƙo masa. Amma kalmar "ja" ta hana shi tsayuwa. Ya fita ba tare da ya gaishe da kowa ba, ya hau babur ya nufi gida.

Ya janye buhunan taki, ya zaro tutar ya warware ta a tsakar ɗaki. Safara'u ta shigo da jariri a kafaɗa, ta tsaya cak.

Ya ce, "Safara'u, wane launi ne wannan?"

"Ja ce."

"Duba da kyau. Koriya ce."

"Baban Khaulat, ja ce jawur."

Ta dube shi, ta dubi tutar, ta gane daga inda ta fito. Ta fita madafi ta dawo da tumatir biyu, ɗaya nunanne ɗaya ɗanye shar, ta ajiye a kan tutar, ta ce ya nuna mata wanda ya yi kama da ita.

Tasi'u ya durƙusa ya ƙura musu ido. Ya kai hannu kan ɗaya, ya janye. Ya kai kan ɗayan, ya janye. Sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwa.

Nan ya gaya mata maganar likita, da littafin ɗige-ɗige, da duk abin da ya ɓoye. Babu wanda ya yi masa maguɗi. Babu wata ƙofar baya da Jamil ya bi. Safara'u ta ce kuka ba zai mayar wa yaron nan aikinsa ba, ya san inda ya kamata tutar nan ta je.

Washegari da safe ya ɗauki tutar a hannu, ba a buhu ba, ya ratsa ƙauyen da ita kowa na kallo. Ya iske Oga Elisha ya dawo duba Jamil, Malam Ɗan'auta ma yana nan. Ya ajiye ta a kan gadon, ya faɗi komai daga farko har ƙarshe, bai rage ba.

Ya juya ga Jamil ya ce, "Wallahi koriya na yi niyyar ɗauka."

Jamil ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa. Tun jiya yake kwance da tunanin cewa Yayansa da gangan ya zaɓi ja.

Oga Elisha ya ce, "Ka ce an cuce ka da aka hana ka aikin nan. Da mun ba ka, jiya kai ne a wurin. Mahaifinka na kan layi, ka zaro tuta ka ɗaga da zuciya ɗaya, ba ka san wadda ka ɗaga ba."

Malam Ɗan'auta ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shekara da shekaru ina yi maka faɗa a kan tumatir, ashe ba laifinka ba ne. Wannan na ɗauki hakkinka, ka yafe mini. Amma tutar nan, Tasi'u, ba idonka ne ya kai hannunka cikin jakar ba."

Oga ya ce magana ce ta 'yan sanda. Jamil ya roƙe shi daga kan gado, ya ce shi ya buɗe ƙofar da doka ta ce a rufe, a haɗa da shi a hukuncin. Da ƙyar aka mayar da maganar gaban mai gari. A can Tasi'u ya maimaita abin da ya yi a gaban mutanen da ya saba cika wa baki a majalisa, kuma wannan ya fi masa ɗaurin wata shida zafi.

A ranar da ya kai tutar kuwa, da kowa ya fita, ya rage su biyu a ɗakin asibitin, Tasi'u ya tambayi ƙaninsa me ya hana shi faɗin sunansa jiya, alhali ya sani.

Jamil ya ce, "Jirgi bai kashe Baffa ba, Yaya. Ban so in ƙarasa shi da bakina ba."

Kamfanin ya ba Jamil gargaɗi a kan shigar da mutum ɗakin aiki, aka ƙara masa watannin gwaji. Da ƙafar ta warke ya koma, daga baya aka tabbatar masa da aikin. Yana ɗan ɗingishi har yanzu, musamman in ya daɗe a tsaye.

Malam Ɗan'auta ya yi damina guda ba ya haɗa ido da Tasi'u. Majalisa kuwa Tasi'u da kansa ya rage zuwa.

Yanzu duk satin da Jamil yake aikin safe, Tasi'u ne ke kai masa abin kari. Ba ya wuce shinge. A nan yake tsayawa har Jamil ya ɗingiso ya karɓa. In aka yi sa'a jirgi ya taho yana wurin, sai ya tsaya ya kalli ƙaninsa ya ɗaga tuta sama.

Har yau ba ya sanin wacce ce aka ɗaga, sai ya ga jirgin ya wuce.

Darasi: Ba duk abin da aka hana ka ba ne aka ƙwace maka. Wani hanin rahama ce gare ka da waɗanda kake ƙauna, ko da ba ka gane ba a lokacin. Hassada kuwa ba ta tsayawa inda ka auna mata, za ka ce ɗan tuntuɓe kawai za ka sa wa ɗan'uwanka, ta je ta tsaya a kan ran mahaifinka. In an gaya maka gaskiya a kan kanka ka saurara, in Allah ya ɗaga ɗan'uwanka ka taya shi murna. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda hannunsa ke cikin jakar wani a yanzu, ya karanta ya janye.